Shekarar da Na Sauke Baba a Otal

Na gaji da jin yadda kuke ba da labarin nan. Duk sallah in kun taru a tsakar gida sai wani ya miƙe ya kwaikwayi kakanku Malam Altine yana neman maigidan otal, ku yi ta ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina zaune ina jinku. Rabin labarin kuka sani, kuma ni na ba ku wannan rabin, don shi ne wanda ba ya ƙona mini rai. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ba na zuwa ko'ina, bari in rubuta muku ɗaya rabin.

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa a Damazin na sayi babbar mota tawa ta kaina, ina jigilar siminti da dawa tsakanin can da garin Hajj Abdalla. Allah ya buɗa mini, kaina kuma ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Na fara sa wando da riga irin na ma'aikatan hukuma, ina jin daɗi in an ce mini afandi, laƙabin girmamawa na 'yan boko, kuma in na shiga birni ba na yin Hausa sai dole. Baba kuwa yana ƙauye yana fama da yanar ido. Shekara shida ke nan ba ya ganin komai sai hasken rana, amma kullum da safe sai ya bi gefen tur'a, wato hanyar ruwan noman rani, da sandarsa har hawasharsa, gonar audugarsa ke nan, ya shafa audugar da hannu, ya dawo ya gaya wa ƙannena cewa sun yi sakaci da ban ruwa. Da na ji labarin wani likitan ido a Hartum da ke cire yana, sai na ce to, zan kai shi.

Duk wanda ya fito daga ƙauyenmu ya nufi Hartum, masaukinsa ɗaya ne: gidan Baffa Sanda mai agashe, wato tsiren nan namu, a unguwar Hausawa da ke bayan gari. Ba a tambaya, ba a aika saƙo, mutum ya ɗauki buhunsa kawai ya je ya yi sallama. Baffa Sanda ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini. Tare suka baro ƙasar Sakkwato da ƙafa suna samari za su Makka, suna tafiya suna tsayawa ƙwadago, kuma a hanyar ne zazzaɓi ya kwantar da Baba ayari ya wuce ya bar su, Sanda ya zauna da shi wata biyu a wata ruga yana roƙa masa nono. Da suka dawo daga hajji Baba ya kama noma a Gezira, Sanda ya tsaya a birni. Tun da idon Baba ya rufe ba su haɗu ba, kuma a ran Baba tafiyar nan ba ta likita ba ce, ta Sanda ce. So yake a buɗe masa ido ya ga fuskar abokinsa tun suna da rai su biyun.

Ranar da za mu tashi kakarku Inna ta ɗauro ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa na matan gidan Baffa, ta danƙa mini.

"Gidan Baffanku za ku sauka ko, Garba?"

"Ina kuma za mu sauka, Inna?"

Haka na ce mata, alhali na riga na kama ɗaki a wani babban otal a bakin kogi. Ba zan kira sunansa ba. Na gaya wa kaina wai saboda ƙurar unguwar Baffa ne, kada ta shiga idon majinyaci. Ƙarya ne. Shekara biyu kafin nan na taɓa kai buhunan albasa otal ɗin, na kuskure na tsaya a ƙofar gaba, mai gadi ya nuna mini hanya da leɓe ya ce, "Ya Fallati, ta baya." Fallati sunan raini ne da suke kiran mutanenmu da shi. Tun ranar nake da niyyar sai na shiga ta ƙofar nan an ɗauki jakata, kuma da ubana zan shiga.

An kuwa ɗauki jakar. Gaskiya wurin ya haɗu. Dogon baranda ne da fanka na juyawa a sama, darduma mai nutse ƙafa, ma'aikata cikin farar jallabiya da jan ɗamara, kana taɓa ƙararrawa mutum ya bayyana kamar a bayan ƙofa yake laɓe. Na sa aka ba mu ɗaki a hawa na biyu mai kallon kogi, shi ne mafi kyau a gidan. Na jawo hannun Baba zuwa barandar ɗakin na ce masa ga Nilu nan a gabanka, ga jiragen ruwa, ga itatuwa a jere.

"Mi za ni gani, Garba? Ka manta abin da ya kawo mu?"

Kai! Wallahi sai a lokacin na tuna makaho na kama wa ɗakin kallo.

"Wanga ba gidan Sanda ba na," in ji shi. "Ban ji hayaƙin nama ba."

"Likita ya ce a nisanci ƙura, Baba. Na aika masa, zai zo."

Ban aika ba.

Daga nan aka fara. Baba ya kafe ba zai sa komai a bakinsa ba sai ya gaisa da maigidan, don shi bai taɓa cin abinci a gidan da bai ji muryar mai shi ba. Na yi bayani, na yi lallashi, na ce nan ba gidan kowa ba ne, na kamfani ne. Ya ce to a kira masa kamfanin. Da ƙyar da roƙo na samu manajan ya hawo, wani farin mutum mai tumbi da agogon zinari. Baba ya kama hannunsa da hannu biyu, ya soma da gajiya, ya wuce iyali, ya wuce yara, ya tambayi ruwan bana, mutumin na ta cewa marhaba, marhaba, yana kallon agogo. Baba bai ko kai ga tambayar lafiyar iyayensa ba ya zare hannunsa ya fita. Baba ya daɗe da hannu a miƙe, sannan ya ce mini wannan bawan Allah maraya ne, a yi masa addu'a.

Ban-ɗaki kuwa da ya ji a cikin ɗakin kwana yake, ƙofa na kallon ƙofa, sai ya yi salati ya ce shi ba zai yi salla inda ake ba-haya ba. Kullum sai na fito da shi baranda da buzunsa. Buta babu. Na tambaya aka kawo mini tulun gilashi mai fure a ciki, na sake tambaya aka kawo butar shayi ta azurfa, da ita ya yi ta alwala yana tsaki. Gadon ya ce yana haɗiye shi, ya sauko kan darduma, amma sau biyu a rana sai wata mata ta shigo ta gyara gadon da ba wanda ya hau, ta ƙara matashi, ta tsaya tana shinshina kabat ɗin da na ɓoye daddawar Inna. Rana ta biyu aka turo mutum biyu su binciki abin da ya mutu a ɗakin.

Takalma su suka fi ba ni haushi. Kun san kakanku ba ya shiga ɗaki da takalmi, a bakin ƙofa yake cire su kamar kowane mutumin kirki. Ashe a irin waɗannan gidaje duk takalmin da aka bari a waje, an bar shi ne a goge. Jan takalminsa ne na fata, wanda wani baduku ya ɗinka masa a Sennar. Da safe na buɗe ƙofa na tarar da su baƙi wuluk suna ƙyalli. Baba ya sa ƙafa, ya sunkuya ya shinshina, ya ce an musanya. Na sauka na yi masifa, suka ba ni haƙuri cikin ladabi ƙwarai. Washegari aka sake gogewa. Sai na koma ɗauke su ina ɓoyewa bayan ya cire, shi kuma ya yi ta lalube a bakin ƙofa yana cewa gidan ɓarayi na kawo shi.

Abinci kuma sai an buga ƙararrawa. Mutumin da ya saba shan kunu bayan asuba, a ce masa sai ƙarfe bakwai za a kunna wuta! In an kawo, ruwan miya ne tsararo a faranti, da yankan kifi, da cokula har huɗu a jere. Duk sufuraji, wato mai kawo abincin, da ya shigo, sai Baba ya kama gefen rigarsa ya ce bismilla, zauna mu ci. Mutumin ya ce an hana su. Baba ya ce wa ya hana? Ya ce doka ce. Baba ya ture farantin ya ce shi ba kare ba ne da za a ajiye masa a tsaya ana kallonsa. Kullum sau uku ake wannan rikici, ni ina tsakani ina zufa, ga fanka na juyawa a kaina. Na kawo tsohon nan wurin da manyan ƙasa ke kwana, ko sannu bai ce mini ba, sai dai kowace safiya ya tambaye ni:

"Sanda bai zo ba?"

To, nan ne labarin da kuka sani ya tsaya.

Tun ranar da muka isa, bayan na kai Baba ɗaki, na sauko wurin magatakardan da ke bayan kanta na ce masa da Larabci, duk wanda ya zo nemanmu a ce ba ma karɓar baƙi. Ya ɗaga alƙalami ya ce, kowa da kowa, afandi? Na ce kowa da kowa. Na san mutanenmu. In suka ji Malam Altine na gari, za su cika barandar nan da butoci da kwanuka, su shimfiɗa tabarma a kan dardumar, a yi ta gaisuwa da Hausa da ƙarfi, mai gadin nan kuma ya gane ni. Abin da nake tsoro ke nan, ba ƙura ba.

Likita ya ce sai an yi kwana huɗu ana ɗiga magani kafin a yi aikin. A rana ta uku da hantsi na fito da Baba baranda ya sha iska. Ina jingine da ƙarfen sai na hangi wani tsoho a gindin dogon yaro, tsallaken titi, zaune a kan dutse da akushi rufe da faifai a cinyarsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma ko a mafarki na san Baffa Sanda. Direbobi ne suka kai masa labari, kamar yadda ya kamata in san za su yi. An tsallake gidansa, abin da ba a taɓa yi masa ba, ya haɗiye wannan, ya ce to baƙo baƙonsa ne ko a ina ya sauka, kuma abincin baƙo a kan mai masauki yake. Ya sa aka tuƙa tuwo, ya ɗauko da kansa, ya tako tun daga bayan gari.

Ya ɗaga kai. Ya gan ni. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga akushin sama da hannu biyu yadda zan gani sosai.

Matakala ashirin da 'yan kai ce tsakanina da shi. Na dubi rigarsa da tabon mai, na dubi mai gadin da ke tsaye a ƙofa, na ce a raina bari a gama aikin ido tukuna, sai in kai Baba har gida a cikin tasi, in ba shi haƙuri, ai Baffa ne. Na ja da baya daga bakin ƙarfen.

"Mi kake kallo ka yi shiru?" in ji Baba.

"Kogi, Baba."

Aka yi aikin. Kwana takwas yana kwance a asibiti, kansa a tsakanin jakunkunan yashi kada ya motsa, ido a ɗaure. Ko a nan bai bar ni na huta ba. Na ce masa na ji Baffa ya tafi Rufa'a sayen raguna. Baba ya ce Sandan da ya sani ko raƙuma za a ba shi kyauta ba zai bar gari yana kwance ba. Na yi kamar ban ji ba.

Ranar da aka kwance bandejin aka sa masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ya dube ni ya ce ashe ka yi tumbi. Ya ƙirga yatsunsa, ya yi kuka, ni ma na yi. Wannan ranar na yi farin ciki da gaske, har na ɗauka komai ya wuce. Muka koma otal muka kwana biyu yana hutawa, yana yawo yana taɓa kaya yana cewa ashe wannan ne abin da ya yi ta buge masa ƙauri.

Da za mu fita, an riga an sa jakunkuna a tasi, sai mai gadin ya ƙame ya sara mini. Fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya yi aikinsa yadda ya kamata. Ya ce da Larabci, a gaban Baba wanda ya fi shi iya Larabcin:

"Afandi, wani tsohon Fallati ya dame mu kwana huɗu a jere da kwanon abinci. Wai shi Sanda, wai ɗan'uwanku ne. Tun hantsi yake zama har azahar. Ko matakala ban bar shi ya taka ba, kamar yadda ka yi umarni. Kwanon ma ya ce in karɓa in kai sama, na ce ba a shigo da abincin waje."

Kun gani? A duk abin da na roƙa a gidan nan, buta, kunu, a bar takalmin tsoho, ba su yi ko ɗaya daidai ba. Wannan kaɗai suka yi mini babu kuskure.

Baba bai dube ni ba. Ya shiga tasi ya gaya wa direba sunan unguwar da kansa.

Ku da kuka tashi a Madani ba za ku gane nauyin abin ba, bari in gaya muku. A wurinmu in an kai wa mutum abinci ko ba ya so sai ya karɓa, ya juye, ya sa wani abu a kwanon ya mayar. Kwano ba ya komawa da abincinsa sai in zumunci aka yanke. Kwana huɗu Baffa Sanda na ratsa unguwarsa da azahar, kowa na zaune a ƙofar gida, akushi a hannunsa da nauyinsa kamar yadda ya fita, ya miƙa wa matansa su buɗe su gani.

Muka same shi a ƙofar gida kan tabarma. Baba ya fita tun mota ba ta gama tsayawa ba, yana gyara tabarau, yana cewa Sanda, Sanda, ni na, Altine, ina ganinka! Baffa ya miƙe. Ya ba shi hannu, yatsu kawai. Ya ce:

"Ahlan, ya Hajj. Itfaddal."

Da Larabci, wai sannu da zuwa Alhaji, bismilla. Mutanen da suka yi shekara arba'in ba su taɓa gaisawa ba sai da zagin wasa. Ya nuna masa gefen tabarma, a waje, a bakin titi. Ya ɗaga murya ya kira mai shayin tsallake ya kawo kofi biyu, daga cikin gidansa ko ruwa bai sa an fito da shi ba. Ƙullin Inna da na ajiye a gabansa bai ko kalla ba. Baba ya yi ta rantsuwa cewa bai sani ba, yana kwance ne, makaho ne, an ce masa ya tafi Rufa'a. Baffa na ta cewa ma'alesh, ma'alesh, wai ba komai, yana kallon titi. Na buɗe baki na ce laifin mai gadi ne, Baffa, bai gane ba. Sai a nan ya juya harshe zuwa Hausa, sau ɗaya tak, kuma ba da ni ya yi ba.

"Altine, ɗanka ya gan ni. Na ɗaga mai akushi."

Baba ya juyo da tabarau ɗin nan da ke ƙara wa ido girma.

"Ka gan shi, Garba?"

"Na gan shi, Baba."

"Ina gehenka?"

"Kana gefena."

Baba ya miƙe, ya durƙusa a gaban abokinsa a kan ƙasa, da furfurarsa, da sabon ɗinki a ido wanda likita ya ce kada ya sunkuya. Baffa ya ɗaga shi da sauri, ya kaɗe masa gwiwa, ya ce da Larabci Allah ya kiyaye hanya. Ya shiga gida.

Muka iso ƙauye. Inna ta tare mu da guɗa don idon, ta tambayi mutanen gidan Baffa, Baba ya ce ta tambayi afandi. Na koma Hartum sau biyu ni kaɗai don ba da haƙuri, sau biyun aka ce mini ba ya karɓar baƙi. Baba ya sa aka rubuta masa wasiƙa, amsa ba ta zo ba. Yana shirin komawa da kansa bayan tsinkar auduga sai saƙo ya riga shi: Baffa Sanda ya rasu.

Na kawo mota ƙofar gida, na buɗe masa gaba. Ya wuce ta kamar bai gan ta ba, ya taka har tasha ya hau jirgin ƙasa shi kaɗai. Shekara tara ya ƙara yi a duniya da idonsa garau, yana zura wa Inna zare a allura, kuma bai sake shiga motata ba.

Da ya dawo daga ta'aziyyar na je gaishe shi, na durƙusa a bakin ƙofa. Na same shi yana jan carbi.

"Uwargidansa ta sauke ni ɗakin da ya share mani," ya ce. "Tun ranar da ya ji mun iso ya sa anka shafe shi da farar ƙasa, anka yi wa gado sabuwar igiya. Bayan abin da ya faru ya sa kwado, ya hana kowa kwana ciki, ya ce na Altine na, in ya zo shi kaɗai. Jira yake in zo ba tare da kai ba, Garba. Ni ko na tsaya jiran auduga."